Ɗalibaina sun ce kowa ƙarya yake yi, ta ina zan koma musu?

Assalamu alaikum. Ni malama ce a makarantar sakandare, ina koyar da 'yan ajin ƙarshe labarin ƙasa. A wannan zangon mun zo kan sauyin yanayi. Da na ga yara suna zuwa da maganganu iri-iri da suka kwaso a waya, sai na shirya musu muhawara: ɓangare ɗaya ya ce ɗumamar duniya gaskiya ce, ɗayan ya ce ƙarya ce. Yaron da ya jagoranci masu musu akwai baki. Ya ce makirci ne na manyan ƙasashe don su hana matalautan ƙasashe cin moriyar man fetur ɗinsu, aji ya kaure da tafi. Na so in gyara da darasi kan son zuciyar kafafen yaɗa labarai, sai abin ya ƙara dagulewa. Yanzu duk abin da na kawo sai su ce, "Malama, ai kowa ƙarya yake yi." Wata yarinya kuma ta same ni bayan darasi idonta cike da hawaye, wai ta ji duniya za ta ƙare a 2030, to mene ne amfanin karatu. Ga wani uba ya kai ƙarata wurin shugaban makaranta cewa ina cusa wa yara siyasa. Ni dai na gamsu da abin da masana suka faɗa, amma ba na so in tilasta wa kowa ra'ayina. In tsaya tsakiya in kama bakina, ko in tsallake babin gaba ɗaya?

Wata malamar sakandare

Wa alaikumus salam, Malama. Kada ki tsallake babin, kada kuma ki kama bakinki. Yaron da aka tafa wa da yarinyar da ta zo miki da hawaye sun nuna cewa maganar ta riga ta shiga kansu tun kafin ki buɗe littafi. In kika ja da baya, wayar ce za ta ci gaba da koyar da su, ita kuwa ba ta san hutun zango ba.

Tangarɗar farko daga taken muhawarar take. Tambayar ko duniya tana ɗumama, kuma ko ayyukan mutane ne sanadi, na'urar awo ce ke amsa ta, kin kuwa miƙa ta ga masu tafi. Tun a 1856 wata Ba'amurkiya, Eunice Foote, ta nuna cewa kwalbar da aka cika da iskar kabon ta fi zafi a rana fiye da wadda ke ɗauke da iska ta yau da kullum. John Tyndall ya tabbatar da yadda iskar ke riƙe zafi a 1859, Svante Arrhenius na ƙasar Suwidin ya yi lissafin abin da zai faru in ta ninka a 1896. A lokacin babu taron ƙoli, babu 'yan fafutuka, babu wanda yake da riba a cikin amsar. Charles Keeling ya fara auna iskar a kan dutsen Mauna Loa na Hawai a 1958, ya sami kashi 315 cikin miliyan. Yau ta haura 420, alhali kafin zamanin masana'antu wajen 280 take. Kwamitin masana na Majalisar Ɗinkin Duniya, IPCC, wanda aka kafa a 1988, ya faɗa a rahotonsa na 2021 cewa babu sauran shakka mutane ne suka ɗumama duniya. Shekarar 2024 ita ce mafi zafi da aka taɓa aunawa, wajen digiri 1.5 sama da zafin ƙarshen ƙarni na 19. In kin faɗi wannan a aji, ba ra'ayinki kika faɗa ba, kuma babu wanda yake bin ki bashin kawo kishiyarsa.

Abin da ya same ki ya sami manyan jaridun duniya shekara da shekaru, kuma wannan ma darasi ne da ya kamata yaran su ji. A 2004 wasu masu bincike biyu, Maxwell da Jules Boykoff, sun duba labaran manyan jaridun Amurka huɗu daga 1988 zuwa 2002. Suka tarar cewa fiye da rabin labaran sun ba masu musu fili daidai da na masana, duk da cewa a cikin mujallun kimiyya ba haka lamarin yake ba. 'Yan jaridar adalci suke nufi, amma mai karatu ya tashi da tunanin cewa masana sun rabu gida biyu. Sai a 2018 BBC ta gaya wa ma'aikatanta cewa ba dole ba ne a nemo mai musun sauyin yanayi don a daidaita labari. Ki ba su wannan tarihin, ki ce musu muhawarar da kuka yi irin wannan daidaitawar ce, sannan ki tambaye su me suke gani tafi ya auna a ranar, hujja ko iya magana. Za ki yi mamakin yadda za su gane da kansu.

Yanzu batun yaron. Ina roƙonki kada ki kunyata shi, domin rabin maganarsa gaskiya ce, kuma rabi ce mai nauyi. Ya ji a jikinsa cewa akwai rashin adalci a cikin lamarin, sai ya ɗauka hanyar ƙin rashin adalcin ita ce ƙaryata kimiyyar. Aikinki shi ne ki raba masa su biyu. Ki rubuta masa alƙaluman a allo. Amurka ita kaɗai ta fitar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na duk iskar kabon da mai da kwal da gas suka taɓa fitarwa a tarihi. Ƙasar Sin ce kan gaba a yanzu, da wajen kashi 30 cikin ɗari a kowace shekara. Afirka gaba ɗaya, mai kusan kashi ɗaya cikin biyar na mutanen duniya, ba ta kai kashi 4 ba, kuma mutum kusan miliyan 600 a cikinta ba su da wutar lantarki. Ba'amurke ɗaya yana fitar da wajen tan 14 a shekara, mutumin Indiya wajen tan 2. A taron sauyin yanayi na Kofinhegin, babban birnin Denmark, a 2009 ƙasashe masu arziki sun yi alkawarin dala biliyan 100 duk shekara zuwa 2020, ba a cika ba sai 2022, kuma da yawan kuɗin bashi ne. Amurka ta sa hannu a yarjejeniyar Kyoto ta 1997 kan rage fitar da iskar da ke ɗumama duniya amma ba ta taɓa tabbatar da ita ba. Ta fita daga yarjejeniyar Paris kan sauyin yanayi a 2020, ta dawo a 2021, Shugaba Trump ya sake ba da umarnin fita a watan Janairun 2025. Duk wanda ya ji wannan ya ce ana yi wa talakan duniya rashin adalci, yana da hujja.

Sai ki nuna masa cewa duk wannan hujjar a kan kimiyyar ta tsaya. In ɗumamar ƙarya ce, to babu wanda ya cuci wani, babu diyyar da za a nema. Ƙasashen da suka yi shekaru suna fafutuka har aka kafa asusun biyan asara da ɓarna a taron Sharm el-Sheikh na Masar a 2022, da alƙaluman masana suka ci nasara. Kuma in ana neman masu kuɗin da suke da riba a cikin maganar, a duba ɗayan ɓangaren ma. Masanan kamfanin mai na Exxon sun yi hasashen ɗumamar duniya tun ƙarshen shekarun 1970, kuma wani bincike da mujallar Science ta buga a 2023 ya nuna hasashen nasu ya zo kusan daidai da abin da ya faru, alhali kamfanin ya daɗe yana jefa shakku a bainar jama'a. Kamfanin yana musanta cewa ya yaudari kowa, wannan ma ki faɗa musu.

Daga nan ki sake shirya muhawarar, ki ba yaron jagoranci, amma a kan tambayar da ta cancanci muhawara. Wa ya kamata ya biya, wanda ya fi ɓatawa jiya ko wanda ya fi ɓatawa yau? Ƙasar da ta gano gas kuma mutanenta suna cikin duhu, ta haƙo ko ta bari? A sa wa mai haraji don a rage amfani da shi, ko hakan talaka zai murƙushe? A Faransa ƙarin harajin mai ne ya fito da masu rigar ɗorawa kan titi a 2018, har gwamnati ta janye. Da yawansu ba musun ɗumamar suke yi ba, cewa suke an ɗora nauyin a kan wanda bai da ƙarfi. A irin waɗannan tambayoyi masu ilimi da mutunci suna saɓani na gaske, saboda magana ce ta abin da mutum ya fifita. A nan ne tsayawa tsakiya ta zama wajibi a kanki. Ki ajiye ra'ayinki, ki tabbatar kowane ɓangare ya sami mafi ƙarfin hujjarsa, ki sa wanda ya goyi bayan abu yau ya kare kishiyarsa gobe. In suka matsa miki sai kin faɗi naki, kina iya faɗa a ƙarshe, ki bayyana cewa ra'ayi ne, kuma ba shi da alaƙa da maki.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarki shi ne "kowa ƙarya yake yi". A ganina ya fi musun yaron haɗari. Mai musu yana neman hujja, ana iya zama da shi. Wanda ya ce kowa maƙaryaci ne ya rufe ƙofa, kuma a ƙarshe ba daina yarda yake yi ba, yarda yake yi da duk abin da ya yi masa daɗi, tunda ba abin da ya fi wani. Hakan kan faru in aka gaya wa yara cewa kowace kafa tana da inda ta karkata, aka tsaya a nan. An ba su zargi, ba a ba su abin awo ba.

Ki koya musu cewa karkata daban, kuskure daban, ƙarya daban. Hanya mafi sauƙi ita ce su gani da idonsu. Ki buga jadawalin zafin duniya daga 1880 zuwa yau, irin wanda NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ke wallafawa kyauta. Ki yi kwafi biyu. Ɗaya ki bar shi cikakke, ɗayan ki sa almakashi ki yanko daga 1998 zuwa 2012 kawai. Ki ba rabin aji yankakken, ki ce su rubuta kanun labari. Za su rubuta cewa ɗumama ta tsaya ko ta ragu ƙwarai, domin layin ya kusa kwanciya. Sauran rabin za su rubuta cewa zafi yana ta hawa. Sannan ki ɗora ƙaramar takardar a kan babbar, a daidai gurbinta, ki bar su su yi shiru su kalla. Shekarar 1998 ta yi zafi fiye da kima saboda El Nino mai ƙarfi da aka yi a tekun Fasifik, wato ɗumamar ruwan tekun da kan auku lokaci-lokaci, shi ya sa duk wanda ya fara ƙirga daga ita zai ga kamar abin ya lafa. An yi shekaru ana yaɗa wannan yankakken hoto. Babu lamba ɗaya ta ƙarya a cikinsa, amma duk wanda ya gan shi shi kaɗai an ɓatar da shi. Yaron da ya rubuta kanun da hannunsa ba zai manta tambayar ba: daga ina aka fara ƙirga, kuma me aka yanke?

Ki yi makamancin haka da labarin siyasa. A taron sauyin yanayi na Baku a Azarbaijan a 2024 an amince da dala biliyan 300 duk shekara zuwa 2035 don taimaka wa ƙasashe masu tasowa. Jarida ɗaya tana iya cewa an ninka tallafi sau uku, kuma gaskiya ne, daga biliyan 100 aka tashi. Wata tana iya cewa ba a ba da ko kashi ɗaya cikin huɗu na abin da aka nema ba, shi ma gaskiya ne, tiriliyan 1.3 aka nema, wakiliyar Indiya ma a zauren ta yi watsi da adadin. Ga kanu biyu, babu maƙaryaci a ciki. Wannan ita ce karkata, kuma maganinta karanta duka biyun. Ki sa su nemo yadda kafofi uku daga ƙasashe daban-daban suka ba da labari guda, su duba wa aka fara ambata, wa aka ji ta bakinsa, wa ba a tambaya ba, wane hoto aka sa a sama.

Dole ne kuma awon ya hau kan ɓangaren da kika yarda da shi, in ba haka ba yaran za su gane, kuma uban da ya kai ƙara zai zama mai gaskiya. A watan Fabrairun 2015 Sanata James Inhofe ya shiga zauren majalisar dattawan Amurka da dunƙulen ƙanƙara a hannu don ya nuna cewa ana sanyi a waje. Rana ɗaya mai sanyi ba ta rushe awon shekaru ɗari. To haka ma ambaliya ɗaya ko rana ɗaya mai zafi ba ta isa hujja ita kaɗai ba, ko da mai kishin muhalli ne ya kawo ta. Akwai masana da aikinsu ke nan, su lissafa nawa ɗumama ta ƙara wa wani bala'i ƙarfi, wani lokaci su ce da yawa, wani lokaci su ce kaɗan. Ki kuma ba su labarin kuskuren IPCC kansa. Rahotonsa na 2007 ya ce ƙanƙarar tsaunukan Himalaya tana iya narkewa kafin 2035. Ba daidai ba ne, masana ne suka gano, kwamitin ya amsa a fili a farkon 2010. Ki tambaye su: mai bidiyon da kuka kalla, kun taɓa ganin ya dawo ya ce na yi kuskure? A wurina wannan ce tambayar da ta fi kowacce raba majiya da majiya. Duk mai aiki yana kuskure, abin dubawa shi ne wa ke da hanyar ganowa, kuma wa ke gyarawa a gaban jama'a.

Kada ki manta da wayar kanta. Yawancin yaran ba jarida suke karantawa ba, TikTok da YouTube da Facebook ne ke zaɓa musu abin da za su gani, kuma abin da ke riƙe ido ake turowa, wato mai tsoratarwa da mai fusatarwa. Yaron da yarinyar daga rijiya ɗaya suka sha, shi aka ba shi fushi, ita aka ba ta tsoro. Ki saba musu da ɗabi'a guda: kafin su gama kallo, su fita daga shafin su binciki mai maganar. Wane ne shi, me ya karanta, wa ke ɗaukar nauyinsa, me wasu suka ce a kansa. Minti biyu ya isa, kuma ya fi zama ana nazarin bidiyon kansa amfani.

Wani zai iya ce miki ai zafi da ruwa duk ikon Allah ne. Kada ki yi jayayya da shi, ba ta nan saɓanin yake ba. Rashin lafiya ma ikon Allah ce, amma ba ta hana likita neman sanadi da magani.

Ita kuwa yarinyar, ki neme ta tun kafin darasi na gaba, ku zauna ku biyu. Maganar 2030 tana da asali, an dai murɗe ta ne. Rahoton IPCC na 2018 cewa ya yi, in ana so a tsayar da ɗumama a digiri 1.5, sai an rage hayaƙin da wajen kashi 45 cikin ɗari zuwa 2030, in aka kwatanta da na 2010. Wa'adin cimma buri ne, babu inda aka ce duniya za ta tashi. Kada ki ce mata babu komai, domin akwai, kuma za ta gane in kika rufe ta. Ambaliyar Pakistan ta 2022 ta shafi mutum miliyan 33, ta kashe fiye da 1,700. Amma ki gaya mata cewa babu wani layi da in aka tsallake shi komai ya ƙare. Digiri 1.6 ya fi 1.8 sauƙi, 2 ya fi 3 sauƙi nesa ba kusa ba, saboda haka aiki ba ya taɓa zama banza. Kafin yarjejeniyar Paris ta 2015 hasashe yana nuna duniya ta doshi kusan digiri 4 a ƙarshen ƙarni, yanzu ana maganar wajen 3 ko ƙasa da haka. Bai isa ba, amma ya motsa. Kuɗin samar da lantarki daga hasken rana ya faɗi da fiye da kashi 80 cikin ɗari tsakanin 2010 da 2020. Kuma duniya ta taɓa haɗa kai a yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta hana sinadaran da ke huda rigar ozon, wato iskar sama da ke kare mu daga hasken rana mai cutarwa, yau rigar tana warkewa. Duk waɗannan mutanen da suka yi karatu ne suka yi su, injiniyoyi da masana noma da lauyoyi da 'yan jarida, wannan ita ce amsar tambayarta kan amfanin karatu. In kika lura damuwar ta taɓa barcinta ko ta daina shiga mutane, ki sanar da iyayenta da mai ba da shawara na makaranta, kada ki riƙe abin ke kaɗai.

Saura uban. Kada ki jira a kira ki, ki je wurin shugaban makaranta da kanki da manhaja a hannu, ki nuna masa inda babin yake da tsarin darussan da suka rage, ki nemi a gayyato uban. In ya zo ki fara saurare, ki bar shi ya gama. Sau da yawa abin da ke ran irin wannan uba tsoro ne kada a juya masa tunanin ɗa, kuma tsoro ne mai kyau. Ki gaya masa dalla-dalla cewa awon zafi da na iska za ki koyar da su yadda suke, batun wa zai biya da wace manufa ta fi kuwa ba za ki zaɓa wa kowa ba, kuma makin yaro yana kan ƙarfin hujjarsa ne ko da ya saɓa miki. Ki ɗauko takardun nan biyu, cikakkiyar da yankakkiyar, ki ajiye masa a kan tebur kamar yadda kika yi wa yaran, sannan ki gayyace shi ya zo ya zauna a bayan aji ranar muhawara ta biyu.